Doguwa Ta Mutu a Takarda

Juma'a, 3 ga Rajab 1419, bayan la'asar

Yau Doguwa ta tashi. Ina kwashe tuwo na ji ƙarar injinta daga kangon bayan gidanmu, sai na saki mara na zauna a ƙasa. Tun bazara rabona da jin muryar nan.

Doguwa motar mijina ce, Sabo. A nan kaɗai nake iya kama sunansa, tunda littafin nawa ne, kuma 'yarmu Sundus ko ta ɗauka ba za ta iya karantawa ba. Hausa jinta take yi ta mayar maka da Larabci. Motar Jims ce fara, mai kujeru layi uku. Da ita yake kai baƙi ziyara Ƙuba da Uhudu, ya kai masu umara Bi'ir Ali su ɗaura harami. Da ita muka ci, da ita muka sha, tun Sundus na goye. Ranar Talatar nan ta bazara aka ɗauko ta daga hanyar Badar, gaba ya shige ciki, gindi ya karkace. Shi kuma aka wuce da shi asibiti, har yau yana can. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan ranar.

Mai duba ɓarna ya zagaye ta sau ɗaya ya rubuta talif, wato ta tashi daga aiki, sai dai a kai ta tashlihi inda ake farke matattun motoci a sayar da kayan cikinsu. Da Sabo ya ji sai ya juya fuska bango ya daina cin abinci. Shi ne mutanenmu Hausawan unguwar Ranuna suka ce ba za su zuba ido ba, suka kira mata gayya, irin wadda ake yi wa gonar marar lafiya a gida. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai su taru. Ashafa bakanike, mutumin Sakkwato, shi ne uban aiki. Ɗan'inna yana walda da fenti. Malam Zainu mai kangon aikinsa shan shayi da sa albarka. Ni kuma tukunya. Sun ɗage gangar jikin motar, sun cire shasi, ƙarfen nan na ƙasa da komai ke zaune a kansa, tunda ya lanƙwashe, sun sayo wani lafiyayye daga tashlihi sun dasa.

Allah ya saka musu. Na faɗa da zuciya ɗaya, kuma ina so ya zauna a rubuce.

Asabar, 4 ga Rajab, bayan magariba

Na gaya wa Sabo a asibiti. Sai ya jawo kwanon da na kawo ya cinye tas, har yana neman ƙari.

Ya ce, “Hajo, da ta tashi ta yi hayaƙi?”

Na ce, “Ta yi.”

“Fari ko baƙi?”

Na ce, “Abu Sundus, ni hayaƙin murhu na sani.”

Ya yi dariya har mai gadon kusa da shi ya waigo. Ya ce in gaya wa Ashafa ƙofar baya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, kada ya ce lalacewa ta yi, halinta ne tun tana sabuwa.

Na gyara masa bargo ta sama. Ban kalli ƙasan gadon ba. Likita ya sake tare ni a baranda da maganar nan tasa ta motsa jiki da kayan da za a auna masa. Na ce na ji. Kullum sai ya maimaita, kamar an ce masa kurma ce ni.

Litinin, 6 ga Rajab, hantsi

Fenti ya bushe. Murja maƙwabciyata ta leƙa kango ta rangaɗa guɗa.

Laraba, 8 ga Rajab, bayan azahar

Tahir ya zo yana sosa ƙeya. Ƙanena ne, ni na goya shi, yanzu shi ke riƙe da wakalar Sabo, duk wata zirga-zirgar ofis shi ke yi. In ya fara sosa ƙeya na san akwai magana.

Wai istimarar mota, takardar shaidarta, ta ƙare tun Sabo na kwance, kuma ba a sabuntawa sai an kai motar fahas an duba lafiyarta. Na ce to a kai mana, mota ce ga ta nan kamar ka ci tuwo a kanta. Sai ya ce, “Yaya, akwai fa takardar izinin gyara. Motar da ta yi haɗari ba a taɓa ta sai da ita. Shi ya sa babu warsha, garejin gyara, da ta yarda ta karɓa, shi ya sa aka yi a kango.”

Na ce, “Ina takardar?”

Ya ce lokacin an ce masa ya jira a rufe maganar haɗarin, su Ashafa kuma ba su jira ba.

Na ce, “Da sun jira da yanzu sadakar arba'in muke yi. Mutum ya ƙi abinci kana min zancen takarda?”

Ya ce insha Allahu basiɗa, ƙaramin abu ne. Tahir ko gida ke ci da wuta basiɗa zai ce.

Lahadi, 12 ga Rajab, bayan la'asar

Ba ta ci fahas ba.

Birki lafiya, fitila lafiya, hayaƙi lafiya. Tahir ya ce mai dubawar har yana yaba aikin. Daga nan ya shiga ramin da ke ƙarƙashin motar, ya goge shasi da tsumma, ya karanta lambar da ke buge a jikin ƙarfen, ya duba istimara. Ba ɗaya ba ne. Suka shiga da lambar cikin na'ura, sai ga ta ta fito: ta wata mota ce ta wani mutumin Yanbu, wadda aka mayar da lambobinta aka kashe takardarta shekarun baya.

Na sa Tahir ya sake faɗa min a hankali. Wato a wajen hukuma mota ita ce shasinta. Gangar jiki namu, inji namu, kujerun da na ɗinka wa riga da hannuna namu, carbin da ke rataye a madubi na Sabo ne, amma abin da ke tsaye a kango ba Doguwa ba ce. Gawar motar wani bawan Allah ce da ban taɓa gani ba. Wadda aka kashe wa takarda kuwa ba ta komawa kan titi.

Na ce, “To ina Doguwa take, in ba ita ce wannan ba?”

Ya ce, “Tana inda tsohon shasin yake.”

Ban je asibiti ba yau. Na aika Sundus da abinci, na ce ta ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Litinin, 13 ga Rajab, da safe

Tsohon shasin sadaka aka yi da shi.

Ranar da aka cire shi aka jingine a bangon kango, Malam Zainu ya ce ba a kwana da ƙarfen da masifa ta sauka a kansa, a ba wani mabuƙaci ya tafi da shi, sadaka maganin musiba ce. Kowa ya ce haka ne. Aka kira wani mai tsintar ƙarafa ya loda a akori-kurarsa, har aka haɗa masa da kwanon shinkafa.

Yanzu kuwa kowa malami ne. Ɗan'inna wai dama zuciyarsa ba ta kwanta ba. Mijin Murja wai ya so ya yi magana aka katse shi. Maza cike da kango, masu gemu da masu furfura, wasu a garin nan aka yanke musu cibi, babu wanda ya tuna ƙarfe yana da lamba. Ihu bayan hari dai sun iya shi.

Ashafa kaɗai ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, “Hajiya, ki yafe mani. A gida in shasi ya mutu wani muka sawa, ba wanda ka tambaya.” Na ce masa ya je, ba komai. Da ya juya sai haushin ya ƙaru, don na rasa wanda zan zuba wa shi.

Laraba, 15 ga Rajab, bayan azahar

Na ce yau da ni za a je ofishin masu takardun mota. Tahir ya ce ba wurin mata ba ne. Na ce na sani, a mota zan zauna.

Haka muka yi ta yi. Ina cikin tasi a rana, ya shiga da tambayata, ya fito da amsa rabi, in mayar da shi da wata. Direban, Bapakistane, har ya kashe inji ya buɗe jarida. Da aka kira azahar wani dattijon ma'aikaci ya fito yana naɗe hannun riga zai yi alwala, Tahir ya ce wannan ne shugaban tagar da ake miƙa takardu. Na sauke gilashi na yi masa sallama. Tahir kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mutumin ya tsaya nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai, ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Ya ukhti, Allah ya ba maigidanki lafiya. Da kun zo kafin ku taɓa ta, da akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. A ga tsohon ƙarfen da ido, a ga daga ina sabon ya fito, warsha mai hatimi ta yi aikin, sannan a duba ko za a yarda. Yanzu me zan gani?”

Na ce, “Ka ga mota. Ka zo ka tuƙa ta da kanka.”

Ya ce, “Na yarda da ke. Amma ɓarawon mota shi ma lambar matacciya yake nema ya liƙa wa ta sata. Kuma na taɓa ganin wadda aka haɗa rabi da rabi ta rabe a hanyar Makka da mutane a ciki. Nizami, tsarin hukuma, bai san fuskar mai gaskiya ba, lamba ya sani.”

Na ce, “To nizamin nan shi zai ciyar da mu?”

Ya dai ce in an samo tsohon shasin da lambarsa a jiki, a zo ya gani, bai yi alkawari ba. In ba a samu ba, a dawo musu da lambobin Doguwa na gaba da baya, a rufe takardarta.

Da ya daka min tsawa da na fi jin daɗi. Mutum ya yanka ka yana yi maka sannu.

Alhamis, 16 ga Rajab, bayan magariba

Ya tambaya an yi fahas? Na ce layi ya yi yawa.

Juma'a, 17 ga Rajab, bayan la'asar

Sun taru a kango kamar kullum, sai dai yau babu ƙarar guduma. Na aika musu shayi ba na'ana'a, da gangan.

Na tsaya bayan ƙofa na ce a je a nemo mai tsintar ƙarafan nan a karɓo shasin, in ya so a ba shi wani abu a madadi. Sai Malam Zainu ya yi gyaran murya ya ce, “Ummu Sundus, abin da aka bayar don Allah ba a komawa gare shi. Kin san abin da aka kwatanta mai karɓe kyautarsa da shi.”

Na ce, “Na sani, Malam. Amma wa ya bayar? Mai abin yana asibiti bai san an yi ba. Ana sadaka da kayan wani?”

Ya ce niyya ce abin dubawa. Wani ya ce gaskiya da kunya, a ce Hausawan Ranuna sun bi miskini sun ƙwace sadaka, har Makka sai an ji. Ka ji fa. Kunyarsu ta fi tukunyata.

Na ce to madalla, ni ba ni da gemu, ni zan je.

Asabar, 18 ga Rajab, bayan la'asar

Mun je ni da Sundus, Tahir yana gaba kusa da direba yana ta kumbure-kumbure. Wajen gari ne, can inda tashlihi ke jere. Ban taɓa ganin motoci a kife a kan juna haka ba, wasu da takalman mutane a ciki har yanzu. Na ce wa Sundus ta kalli gabanta.

Sunansa Idrisa, mutumin Chadi, tsoho ne, ido ɗaya ya yi fari. Ya gane mu, ya shimfiɗa kwali ya ce mu zauna, ya shiga yi wa Sabo addu'a, wai tun ranar kullum sai ya sa shi a sujada. Na rasa ta inda zan fara. Daga ƙarshe na ce masa ƙarfen nan muke nema.

Ya ce, “Wayyo Hajiya. Shi babba ne, mota nawa ba ya ɗauka gaba ɗaya, na yanka shi guntu-guntu.” Ya sayar a kan sikeli, babbar mota ta kwashe zuwa Jidda tun watan jiya, can ake narkawa. Guda biyu kawai ya rage, ya yi ƙafafun tankin ruwansa da su. Ya kai mu muka gani. Tahir ya durƙusa ya kankare su da mabuɗi ta kowane gefe. Babu lamba ko ɗaya.

Tsohon ya ce in muna so ya sauke tankin mu ɗauka. Na ce a'a, Baba, bar abinka. Ya bi mu har mota da dabino a leda, dole sai da na karɓa.

A hanya Sundus ta ce da Larabcinta, “Ummi, halas, ya isa haka, gaya wa Baba.” Na ce ta rufe min baki. Ta yi kuka, ni ma na yi, kowa ta juya tagarta.

Litinin, 20 ga Rajab, bayan magariba

Yau na tarar an zaunar da shi a bakin gado. Yana ta lissafin azumi, wai baƙin umara za su cika gari, in ya samu wani yaron kirki ya riƙa tuƙawa shi yana gefe yana nuna hanya, kafin ya warware. Kafin ya warware. Haka ya ce, yana kallona, ni ma na ce insha Allahu.

Ni da shi mun zama 'yan wasan ɓuya. Ban san wa ke ɓoye wa wani ba.

Talata, 21 ga Rajab, hantsi

Masu zuwa dubiya sun ishe ni. Kowacce da shawararta: ki kai kuka wajen wane, ɗan wance yana da wasɗa, wato hanya wajen manya, ki yi saukar Alƙur'ani. Su sha shayi su tafi su bar min kofuna.

Alhamis, 23 ga Rajab, bayan azahar

Ɗan'inna ya aiko matarsa ta kira ni zaure. Ya rage murya ya ce akwai hanya. Yana da ƙarafan buga lamba. A goge ta mutumin Yanbu da dutsen injin, a buga ta Doguwa daga istimara, a shafa baƙin mai da ƙasa, a bar ta ta kwana biyu. Ya ce, “Hajiya, ai ba sata muka yi ba. Motarku ce, lambarku ce. Mayar wa mai abu abinsa ne kawai.”

Wallahi maganar ta shige ni. Ina laifin a nan? Sunanta ne za a mayar mata.

Na ce ya ba ni lokaci.

Juma'a, 24 ga Rajab, bayan asuba

Ba sata muka yi ba. Ba sata muka yi ba.

Lahadi, 26 ga Rajab, bayan la'asar

Na gaya wa Tahir. Tunda nake da shi bai taɓa ɗaga min murya ba sai yau. Ya ce sun riga sun ga lambar Yanbu a jikinta, an rubuta, in ta koma da wata lamba ko makaho ya san abin da aka yi. Ya ce, “Yaya, wannan tazwiri ne, jabu. Ashafa da Ɗan'inna masu iƙama ne, takardar zaman baƙi kawai gare su, jirgi za a sa su. Kuma sunan wa ke kan istimara? Kina so askari ya tsaya a kan gadon Abu Sundus?”

Na ce masa matsoraci, na ce tun yana yaro inuwarsa ke ba shi tsoro, na ce da Sabo ne a tsaye shi ke kwance da tuni an gama. Na faɗi abin da ya fi haka ma. Ya ɗauki mabuɗinsa ya fita bai sha ruwa ba.

Bayan ya tafi na shiga kango ni kaɗai. Na buɗe ƙofar baya, na ɗan ɗaga ta kamar yadda aka ce. Na zauna a layin ƙarshe inda tsofaffin mata 'yan ziyara ke zama da jarkokin zamzam. Na yi ta kallon ƙasan motar. Ashafa gwani ne, na sani. Amma a kango aka yi, da fitilar hannu da jak na aro, kuma tun da aka gama ba ta taɓa gudu a babban titi da mutane cike ba. Maganar dattijon nan ta hanyar Makka ta ƙi fita daga kaina, kuma na tsane shi saboda haka.

Da Ɗan'inna ya zo da ƙunshin ƙarafansa na ce ya mayar. Ya ce, “Hajiya, kin tabbata?” Na ce in ya sake tambayata zan canza, don haka ya tafi.

Ba don na yarda suna da gaskiya ba ne. Har gobe ina cewa zalunci ne a kashe abu yana numfashi.

Talata, 28 ga Rajab, bayan magariba

Za a sallame shi ranar Asabar. Tahir ya kawo keken da asibiti suka ce a saya, ya ajiye a zaure ya rufe da zane. Mun gaisa kamar ba a yi komai ba. Na zuba masa miyar kuka da yawa.

Mijin Murja ya zo ya zuba siminti a dokin ƙofa don ya yi gangare. Ban fito ba har ya gama.

Alhamis, 30 ga Rajab, hantsi

Na wanke labule, na juya gado ya fuskanci taga. Tagar kango take kallo. Na sake juya shi.

Asabar, 2 ga Sha'aban, bayan la'asar

Ya dawo.

Ko ɗaki bai shiga ba ya ce a kai shi kango. Tahir ya tura keken, maza suka biyo baya, kowa na kallon ƙasa. Ni ina daga ƙofa.

Ya sa aka zagaya da shi. Ya shafa fenti, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce Ashafa ya tayar. Ya rufe ido yana saurare, ya daɗe. Ya ce, “Ashafa, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ko tana sabuwa ba ta yi wannan muryar ba.” Ashafa ya juya baya yana goge fuska da hula.

Sai ya ce a kashe. Ya ce, “Tahir, ba ni sukuddireba.”

Na ce, “Abu Sundus, akwai maganar da…”

Ya ce, “Na sani, Hajo. Tun ranar da kika ce layi ya yi yawa. Shekara nawa ina kai ta fahas, yaushe layi ya taɓa kwana?” Ashe washegari ya tsare Tahir sai da ya faɗa masa komai, ya kuma hana shi gaya min. Na juya na kalli Tahir, ya shiga sosa ƙeya.

Ya sa aka matsa da shi gaban motar, ya sunkuya ya kwance lambar gaba da kansa. Malam Zainu ya fara cewa a yi haƙuri, wataƙila in aka samu wani babba. Sabo ya ce, “Malam, bari. Ni na ɗaura mata su ranar da na sayo ta, ba wanda zai cire sai ni. Gobe Tahir ya kai musu.” Ya ce inji a ba Ashafa, kujeru a kai makarantar allon masallaci, saura tashlihi.

Na kasa daurewa. Na ce a gaban kowa, “Haka kawai? Duk wahalar nan? Lafiyarta ƙalau fa!”

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Ita lafiyarta ƙalau ba ta da takarda. Ni ga lasina a aljihu bai ƙare ba.” Ya ɗora hannu a kan gwiwarsa ta dama, inda zanen ya ninke ya koma ciki.

Bari in rubuta, tunda shi ya faɗa. Sun yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa, tun daren Talatar. Ƙafar birki da totur. Duk wannan faɗan da na yi ta yi da ofis da Malam da Tahir da tsohon Chadi, na yi shi ne don shi ake iya yi. Ina jin tsoro. Ban san me za mu ci da azumi ba, kuma ban san me zai yi da safiyarsa ba, mutumin da bai taɓa kai hantsi a gida ba.

Aka zagaya da shi baya. Kusar lambar baya ta yi tsatsa, ta ƙi juyawa. Ashafa ya miƙo hannu, ya ture. Tahir ya matso, ya ce kowa ya ja baya. Yana murɗawa keken na zamewa, don ƙasan kangon gangare ne, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Bai waigo ba ya ce, “Hajo, zo riƙe min keken nan kada ya gangara.”

Na fito gaban mazan nan duka, na kama da hannu biyu, na riƙe.